Maki 300 Bai San Warin Asibiti Ba

Duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta saki sakamako, tambaya ɗaya ce ke yawo a zaurukan Birnin Kudu da Gwaram: nawa ya ci? Idan yaro ya haura 280, kafin a yi sallar la'asar 'yan unguwa sun fara kiran sa Dakta. Kawu zai bugo waya daga Kano ya ce kada a kuskura a bar shi ya karanta wani abu in ba likitanci ba. Uwa za ta yi sadakar ƙosai. A cikin wannan murna babu mai tambayar ko yaron ya taɓa wuni a asibiti ba don shi ne marar lafiya ba, ko ya taɓa ganin yadda ake wanke gyambo, ko ya san abin da likita ke yi da ƙarfe uku na dare idan aka kawo mai naƙuda tana zubar da jini, ga 'yan'uwanta sun fita neman wanda zai ba da jini ba su dawo ba.

Wannan sakaci ne, kuma ana biyan kuɗinsa da tsada. Yaro ko yarinyar da ke son zama likita ya kamata su fara shiga cikin hidimar marasa lafiya kafin su shiga ajin likitanci. Iyayen da ke ɗaukar duk abin da ba haddar tambayoyin JAMB ba a matsayin ɓata lokaci sun yi kuskure. Hukumomin da ke kashe dukiyar jama'a a kan ɗalibi ba tare da sun tambayi abin da ya taɓa yi wa jama'ar ba su ma sun yi kuskure, nasu ma ya fi girma.

Abin da ƙofar take aunawa

Sharuɗɗan shiga karatun likita a Nijeriya sanannu ne. Ana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma jami'o'i da yawa suna sharɗanta a same su a zama ɗaya. Sai jarrabawar JAMB: darussa huɗu, tambayoyi 180, awa biyu a gaban kwamfuta, maki 400. Bayan haka jami'a ta yi tata tantancewar, wadda aka shigo da ita a 2005, kuma mafi yawanci ita ma wata jarrabawar ce ko lissafin makin da ɗalibi ya riga ya samu. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga 'yan yankin da jami'ar take, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, Jigawa kuwa tana cikinsu.

Gasar ba ta wasa ba ce. A sakamakon farko na jarrabawar 2025, fiye da ɗalibai miliyan 1.5 daga cikin kimanin miliyan 1.9 ba su kai maki 200 ba. Wanda ya ci 300 ya cancanci yabo, kuma babu mai hankalin da zai ce a rage darajar wannan ƙoƙari. Wanda bai fahimci Kemistiri ba ba zai fahimci yadda magani ke aiki a jiki ba, komai kyawun zuciyarsa.

Sai dai a duba abin da ma'aunin ya bari. Daga farkon wannan hanya har ƙarshenta babu inda ɗalibi zai zauna gaban wani mutum ya yi masa bayanin abin da ya sa yake son aikin. Babu inda aka auna ko yana iya sauraron tsohuwar da ke bayanin ciwonta da kewaye-kewaye, ko yana iya riƙe sirri, ko yana iya faɗa wa uba magana mai ɗaci ba tare da ya wulaƙanta shi ba. Kwamfuta tana tantance mai ƙwaƙwalwa, amma rabin aikin likita a hannu da harshe da haƙuri yake.

Kujera ɗaya, shekara bakwai

Wani zai ce ai duk wannan za a koya a can. Amsar ita ce kujerar ajin likitanci ba kamar sauran kujeru ba ce. Hukumar MDCN, mai kula da aikin likitoci da likitocin haƙori, ita ke ƙayyade adadin ɗaliban da kowace jami'a za ta horar. Idan aka ba wani gurbi, an hana wani. Karatun shekara shida ne idan babu yajin aiki, sai shekara guda ta horon sanin makamar aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa. Shekarun farko a aji da ɗakin gwaje-gwaje da ɗakin fiɗar gawa ake yin su. Sai ɗalibi ya haye babbar jarrabawar da ke raba karatun aji da na asibiti, wajen shekara ta huɗu, sannan yake fara tsayawa kan gadon majinyaci. Wato mutum zai iya shafe shekara uku cur a hanyar likitanci kafin ya gano cewa ba ya ƙaunar zama da marasa lafiya. A lokacin komawa baya ta yi wuya: an kashe kuɗi, gari ya gama sanin sunansa Dakta, kunya ta ɗaure shi. Ko dai ya fita da baƙin ciki, ko ya daure ya gama ya zama irin likitan da ke rubuta magani ba tare da ya ɗaga kai ya dubi fuskar mai ciwo ba.

A Jigawa wannan asara ta jama'a ce kai tsaye. Gwamnatocin jihar sun ɗauki nauyin ɗalibai zuwa karatun likita a gida da waje, har ƙasashen Sin da Sudan, kuma da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 sai da aka sake nema wa waɗanda ke can wasu makarantu. Kuɗin da ake biya wa ɗalibi ɗaya a waje kuɗin manomin Basirka ne da mai sayar da riɗi a kasuwar Sara. Sun ba da ne don wata rana su sami wanda zai duba 'ya'yansu. Suna da haƙƙin a tambayi wanda za a tura ko ya san irin aikin da zai dawo ya tarar.

A 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa kimanin likitoci 16,000 sun bar Nijeriya cikin shekaru biyar, waɗanda ke da lasisi a ƙasar kuma ba su wuce kimanin 55,000 ba. Ba rashin aikin sa-kai a ƙuruciya ne ya kore su ba. Ƙarancin albashi, rashin kayan aiki, rashin tsaro da gajiya ne suka kore su, kuma duk wanda ya ce wata shida na hidima a asibitin ƙauye zai magance wannan yaudara yake yi. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2010 ta kuma sabunta a 2021 kan yadda za a riƙe ma'aikatan lafiya a karkara, ta sa ɗaukar ɗalibai 'yan asalin karkara da horar da su kusa da al'ummarsu a cikin manyan matakai. Wanda ya taso cikin jama'a, ya san matsalarsu tun kafin ya sa farar riga, ya fi yiwuwar zama. Tilasta wa mutum zama da takardar yarjejeniya, ko da doka irin ƙudirin da aka gabatar a Majalisar Wakilai a 2023 na hana cikakken lasisi sai bayan shekara biyar na aiki a gida, ɗaure ƙafa ne kawai. Zaɓen wanda zuciyarsa ke nan tun farko ya fi araha.

Watannin da ake zubarwa

Babbar hujjar iyaye ita ce lokaci. Yaro yana aji shida, ga makaranta, ga lesin, ga islamiyya, ina zai sami sararin zuwa asibiti? Hujjar tana da ƙarfi a watannin da ke gaban jarrabawa, kuma a nan babu jayayya: daga Janairu zuwa lokacin NECO, littafi ne gaba da komai. Amma jarrabawar JAMB kan zo ne wajen Afrilu ko Mayu, WAEC ta biyo baya, NECO ta ƙare a tsakiyar damina. Daga nan har ranar da jami'a za ta buɗe wa sababbin ɗalibai akan shafe watanni, wani lokaci kusan shekara. Wanda bai sami gurbi ba kuwa yana da shekara guda cur. Ga kuma dogon hutun da ke tsakanin aji huɗu da biyar, da na biyar da shida. Waɗannan watanni su ne ake zubarwa a majalisar shayi da kallon waya.

Abin mamaki, sun zo daidai da lokacin da aka fi buƙatar hannu. Damina ce lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika ɗakin yara. A lokacin ne ake bi gida-gida ana raba maganin riga-kafin zazzaɓin ga yara masu wata 3 zuwa 59, wata-wata har damina ta wuce, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2012 kuma Jigawa na cikin jihohin da ake yi. A lokacin ne rumbuna suka yi ƙasa, tamowa ke ƙaruwa, ake auna damtsen yara da zaren awo mai launi uku, wanda jan cikinsa ke nuna damtsen bai kai santimita 11.5 ba. Matashin da ya bi ayarin masu wannan aiki yana riƙe musu rajista zai ga abin da babu shi a littafin Bayoloji: uwar da ta ɓoye yaro don tsoron mijinta, mai unguwar da kalmarsa ɗaya ta buɗe ƙofofi ashirin, gidan da aka raba abincin yaro mai tamowa ga sauran yara don duk yunwa suke ji.

Birnin Kudu kuma ba ta da uzurin rashin wurin koyo. Cibiyar Lafiya ta Tarayya tana garin fiye da shekara ashirin. Kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma ta jiha tana nan. Makarantar masu hazaƙa ta Bamaina, wadda ke tara yaran da aka fi sa ran za su nemi likitanci, tana cikin ƙaramar hukumar. Gwaram tana da babban asibiti da ƙananan asibitoci a mazaɓunta. Ga ƙungiyar Red Cross, ga rundunonin 'yan agaji na ƙungiyoyin addini da ke koyar da taimakon gaggawa. Aikin da ɗan shekara goma sha bakwai zai iya yi ba tare da ya taɓa allura ba yana da yawa: shirya layi ranar awon ciki, nemo kati, tura keken marar lafiya, raka tsoho zuwa ɗakin gwajin jini, karanta wa wanda bai iya boko ba yadda zai sha magani kamar yadda aka rubuta, yin tafinta tsakanin Bafulatanar ruga da ma'aikacin da ba ya jin Fulatanci.

Masana lafiyar mata suna bayanin mutuwar masu haihuwa da jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyu daga cikin ukun a wajen asibiti suke faruwa. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a babban asibitin Jahun tun 2008 kan haihuwa da yoyon fitsari, lalurar da doguwar naƙuda ke haifarwa, wato 'yar jinkiri ce. Likitan da bai taɓa ganin jinkirin farko da na biyu da idonsa ba, idan aka kawo masa mace a galabaice, faɗa zai fara yi: me ya sa sai yanzu? Wanda ya taɓa tsayawa bakin hanya da dare ana neman mota, ko ya ga ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa kafin a fita, ya riga ya san amsar, sai ya kama aiki.

Akwai wata riba da ba a cika ambata ba. Yaron da ya zauna a asibiti zai gano cewa ba likita kaɗai ke ceton rai ba. Zai ga nas, ungozoma, mai harhaɗa magunguna, masanin gwaje-gwaje, mai ɗaukar hoton ƙashi, mai gashin ƙashi. Gurbin likitanci kaɗan ne, masu nema dubbai. Wanda bai san komai ba sai sunan Dakta zai iya maimaita JAMB shekara uku yana jira, alhali da ya ga aikin ɗakin gwaje-gwaje da tuni ya kusa kammala digiri a fannin da ya dace da shi.

Abin da ba gogewa ba ne

Dole a ja layi a nan, domin akwai wata hanyar da ake kira koyon aiki wadda ɓarna ce tsantsa. Ita ce a kai yaro kemis ya fara yi wa mutane allura da ƙarin ruwa, har ƙauye ya fara kiran sa likita. Lasisin mai kemis na sayar da wasu ƙayyadaddun magunguna ne, bai ba shi kansa izinin allura ko ƙarin ruwa ba, balle yaronsa. Abin da matashi ke koya a irin wannan wuri shi ne ƙarfin halin jahilci: yi wa kowane zazzaɓi allura, ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana biyu don kuɗin mai saye ya ƙare, raina gwaji. Wannan ya fi rashin gogewa muni, don sai malaman jami'a sun fara kankare shi kafin su zuba wani abu.

Haka nan ɗaukar hoto da farar riga a bakin gadon majinyaci a ɗora a Facebook ko TikTok cin mutunci ne. Marar lafiya ba abin kallo ba ne. Idan bai yarda baƙo ya tsaya a kansa ba, baƙo ya fita. Matashin da aka kora daga ɗaki don majinyaciya ta ce ba ta so, ya kuma fita ba tare da ɓata rai ba, ya koyi darasin farko na aikin.

Hujjojin masu ja

Masu adawa da wannan ra'ayi suna da maganganu biyu masu nauyi, kuma ba za a kawar da su da ɗaga murya ba.

Ta farko: maki ba ya son kai. Ɗan talaka daga Kondiko da ya ci 310 ya fi ɗan kwamishina da ya ci 240, kuma kwamfuta ba ta san uban kowa ba. Da zarar aka ce za a duba hali da hidima, an buɗe ƙofar alfarma da takardun bogi. Wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya san yadda ake samun takardar shaida a ƙasar nan ba zai musa ba. Amma maganinta shi ne tsari. Kada hidima ta maye gurbin maki. A fara da maki, wanda bai kai ba ya tsaya. Cikin waɗanda suka kai, a gwada su ta hanyar da takarda ba za ta yi amfani ba. Jami'ar McMaster ta Kanada ta ƙirƙiro irin wannan ganawa a farkon shekarun 2000: ɗalibi ya zagaya tashoshi da dama, kowace 'yan mintuna, kowace da mai tantancewa daban da matsala daban. Jami'o'in Ingila da yawa sun ɗauke ta. Sayen alƙali ɗaya abu ne mai sauƙi, sayen takwas da ba a san su ba sai ranar yana da wuya. Kuma wanda ya sayi takardar cewa ya yi wata uku a asibiti, tambaya biyu za ta tona shi: me ka gani ranar awon ciki, me ya fi ba ka tsoro?

Ta biyu: wannan tsarin Amurka ne, kuma can ma masu kuɗi yake fifitawa. Hakika a Amurka mai neman karatun likita yana da guraben ayyuka har 15 da zai cika a takardar nema, kuma ɗan likita ya fi ɗan leburan gona samun wanda zai bi a asibiti. Idan abin da za a kwaikwayo ke nan, gara a bari. Amma akwai misalin da ya fi kusa da Gwaram. A Ingwavuma, wani yanki na karkara a lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu, asibitin Mosvold ya rasa ma'aikata, sai a ƙarshen shekarun 1990 aka kafa tallafin karatu wanda daga baya ya zama gidauniyar Umthombo. Sharuɗɗansa: ɗalibi ya kasance ɗan yankin, ya sami gurbi a fannin lafiya da makinsa, ya yi aikin sa-kai a asibitin yankin kafin a zaɓe shi, ya riƙa dawowa aiki a lokacin hutu, kuma bayan kammalawa ya yi shekara ɗaya a madadin kowace shekarar da aka biya masa. Yaran ƙauye ne suka ci moriyar tsarin, suka dawo likitoci da masu harhaɗa magunguna a asibitocin yankunansu.

Ko a Jigawa an ga makamancin haka. Shirin Women for Health, wanda Birtaniya ta tallafa daga 2012, ya ɗauko 'yan matan karkara da al'ummominsu suka gabatar, aka yi musu shekarar share fage don su cika sharuɗɗan shiga makarantun jinya da ungozoma, bisa alkawarin za su koma su yi wa garuruwansu aiki. Idan ma'aunin hidima ne ba ƙawa ba, ɗiyar manomi da ta yi wata biyu tana jinyar kakarta a kan tabarma a barandar asibiti ta fi ɗan mai kuɗi abin faɗa. Tsarin yanzu ne ba ya ƙirga abin da ta sani.

Game da 'yan mata, damuwar iyaye a kan inda 'yarsu za ta wuni halattacciya ce. Amsarta ita ce ɗakin awon ciki da na riga-kafin yara, da rana, ƙarƙashin ma'aikaciya mace da aka san sunanta. Yankin da mata da yawa ke jinkirta zuwa asibiti don ba sa son namiji ya duba su ya fi kowa buƙatar 'yan matansa su saba da asibiti da wuri.

Wa zai yi me

Babu buƙatar jiran Abuja. Shugabannin makarantun sakandare na Birnin Kudu da Gwaram za su iya zama da shugabannin asibitoci da sashen lafiya na ƙananan hukumomin biyu su tsara hidimar mako huɗu zuwa shida a lokacin hutu: ƙananan rukunai, izinin iyaye a rubuce, jerin abin da ɗalibi zai yi da abin da ba zai taɓa ba, da littafin da zai riƙa rubuta abin da ya gani ba tare da sunan majinyaci ba. Hukumar ba da tallafin karatu ta jiha za ta iya sanya wannan hidima cikin sharuɗɗan ɗaukar nauyin karatun likita, ta kuma biya wa marasa hali kuɗin mota don kada sharaɗin ya koma shinge. Jami'ar Tarayya ta Dutse da sauran masu horar da likitoci suna da ikon tsara tantancewarsu. Ba abin da ya hana su ware wani ƙaramin kaso na maki ga ganawa, su kuma bayyana yadda aka ba da shi.

Kafin hukumomi su motsa, uba yana da abin yi a gidansa. Ranar da sakamako ya fito, bayan an yi hamdala, ya ɗauki yaron ya kai shi wurin shugaban ƙaramin asibitin mazaɓarsu ya ce: ga ɗanka, yana son zama likita, a ba shi tsintsiya da rajista. Idan bayan wata guda yaron ya dawo yana ba da labarin mutanen da ya gani, yana tambayar abin da ya sa yarinyar nan ta kumbura, a bar shi ya tafi, hanyarsa ce. Idan kuwa ya dawo ya ce Baba, ba zan iya ba, to an tsira da shekara bakwai na rayuwarsa, an kuma bar kujerar ga wadda za ta iya.